Mai Jego a Cikin Kwalba

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa wai ni, a shekarar da aka kai ni Kebbe, na ɗaga wa kakarku murya a kan ƙwaro. A bikin da ya wuce ma na ji ɗayarku tana ba 'ya'yanta labarin, har da ƙarin cewa na kulle ɗaki na rataya makulli a wuya. Makullin gaskiya ne. Sauran kuwa an zuba masa gishiri da yaji har ni mai labarin ban gane shi ba. Tunda yanzu idona ya fara yin hazo, gara in rubuta muku yadda aka yi, don kada ku riƙa ɗaukar Inna mafaɗaciya, ni kuma marar kunya.

Shekarar ita ce wadda aka buɗe makarantun firamare a kowane lungu, ba a daɗe da yanke jihar Sakkwato ba. Kuɗi sun shigo ƙasa, rediyo ya shiga kowane zaure, samari sun raina keke sai babur. Ni 'yar Tambuwal ce, gidanmu gidan malamai, na tashi cikin 'yan'uwa mata da yawa, ba a rabuwa da surutu. Sai ga ni a Kebbe, a gidan da mu uku ne kawai: ni, da babanku da yake koyarwa a sabuwar makaranta, da mahaifiyarsa, wadda kowa a unguwa yake kira Inna. Doguwa ce, siririya, mai saurin tafiya, ba ta iya ganin baki yana motsi ba ta sa masa abinci ba. Kajin maƙwabta sun fi sanin ƙofar ɗakinta da akurkinsu. Ina sonta tun farko, amma ina jin nauyinta ƙwarai, ita ma tana jin nawa. Gaisuwa ce kawai take haɗa mu, ni a durƙushe, ita tana kallon wani wuri.

Washegarin ruwan shuka na farko, ina shara da safe, sai na ga babanku tsugune a gindin danga da farar rigarsa ta makaranta, yana bin wani abu da murfin ashana. Na zaci kwabo ya faɗi. Da ya miƙe sai ya nuna mini wata ƙatuwar tururuwa, ta fi duk waɗanda na saba gani, baƙa mai sheƙi, ƙirjinta a kumbure. Ya ce uwar tururuwa ce. Jiya bayan ruwa ta fito daga gidan iyayenta da fukafukai, ta yi aure a sama, ta sauko ta karye fukafukan da kanta, yanzu tana neman inda za ta haƙa ta kafa nata gida. Na ce ashe ni da ita duk amare ne, baƙin gari. Ya yi dariya har tururuwar ta kusa suɓuce masa.

Yana da wasu kwalabe biyu sirara, dogaye kamar yatsa, da ya taho da su daga makarantar horon malamai. Ya zuba ruwa a ɗaya har kusan rabi, ya cusa auduga ta danne ruwan, ya saka uwar a busasshen ɓangaren, ya toshe bakin da wata audugar. Burinsa shi ne idan aka koma makaranta bayan hutu, ya nuna wa ɗalibai yadda garin tururuwa yake farawa daga mace guda. Amma ko mako ba a yi ba aka kira malamai kwas a Sakkwato, na tsawon hutun damina gaba ɗaya. Kwalba ba ta shiga mota, girgiza za ta kashe mai ciki. Ranar da zai tafi ya zaunar da ni, ya naɗe kwalbar a baƙin tsumma, ya kwantar da ita a ƙarƙashin gado kusa da randa, inda yake da sanyi. Ya ce kada rana ta taɓa ta, kada a yi turaren wuta ko maganin sauro a ɗakin, kada in riƙa ɗagawa ina leƙe, ranar Juma'a kawai, shi ma a taƙaice. Idan na ga auduga ta yi fumfuna, in haɗa bakin kwalbar da na ɗayar, in rufe sabuwar da tsumma in bar tsohuwar a haske, da kanta za ta yi ƙaura. Sannan ya faɗi wadda ta fi ba ni mamaki.

"Kada ki ba ta komi. Ko ɗigon ruwan koko. Sai ran da kinka ga ɗiyanta na fari sun fito suna yawo."

Na ce yunwa fa? Ya ce naman da yake ƙirjinta, wanda ya ɗauki fukafukai, shi take narkawa ta rayu, da shi kuma take ciyar da ƙananan. Abinci a yanzu ruɓewa kawai zai yi ya kashe su. In aka dame ta kuwa, tsoro kan sa ta cinye ƙwanta.

"Amana ta na bar miki," in ji shi. "In na komo in iske ta da rai."

Ban taɓa kiwon ko ɗan tsako nawa na kaina ba. Amma shi ne abu na farko da babanku ya damƙa mini ya ce amana, sai na ɗauke shi da nauyi fiye da yadda shi kansa ya zata. Na daina kaɗa gado da ƙarfi. In zan ɗebi ruwa a randa sai in yi sanɗa. Juma'ar farko da na buɗe tsumman, sai na ga ta tara wasu 'yan farare ƙanana a gefen auduga, ta tsaya a kansu tana lasa. Murna ta hana ni riƙe bakina. Na manta da nauyin suruka, na fito tsakar gida na ce Inna ta zo ta gani.

Ta zo, ta durƙusa da ƙyar, ta kanne ido ɗaya ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗago.

"Mi taka ci?"

"Ba ta cin komi, Inna. Malam ya ce kada a ba ta."

"Ta haihu, ba ta cin komi?"

Na ce ai ƙwai ne, ba haihuwa ba. Ta dube ni irin duban da ake yi wa yaron da ya faɗi shirme a gaban baƙi.

"Ƙwai ko jinjiri, dut haihuwa ta. Wagga mai jego ta. Wa yat taɓa jin an aje mai jego ƙarƙashin gado, gun sanyi, babu kunu babu wuta?"

Ta ce karatun boko ya taɓa wa wancan kai. Wancan take ce wa babanku, don ba ta faɗin sunansa. Na yi dariya a ciki, na mayar da kwalba, na ɗauka magana ta wuce. Ban san Inna ba tukuna.

A makon nan akwai suna a gidan maƙwabciyarmu, wata mai suna Ta-Jabo, kullum da hantsi ina can ina taya su aiki. Ashe ina fita Inna take shiga ɗakina. Ta ɗauko kwalbar, ta kai ta gefen murhu ta ji ɗumi, kamar yadda ake hura wa mai jego wuta a ƙarƙashin gado. Ta dama kunun kanwa da yaji, ta zare audugar baki, ta ɗiga mata da tsinke, ta mayar kafin in dawo. Wankan jego ne kawai ba ta yi mata ba, shi ma daga baya ta ce mini ta yi tunaninsa, rashin sanin ta inda za a fara ne ya hana.

Da Juma'a ta zagayo na warware tsumma, warin kanwa ya fara dukana. Cikin kwalbar ya yi gumi. Kunu ya kwanta ya yi tsami, fumfuna ta rufe auduga, toka-toka da baƙi. Ƙwayayen nan da na bari tuli guda sun ragu, bai fi a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba. Uwar ta maƙale a can bakin kwalba, ta ƙi motsi. Na zaci ta mutu. Ina tsugune a haka sai ga Inna ta ɗaga labule, da 'yar ƙwarya a hannu da tsinke a ciki, ba ta san na dawo ba.

To, ga abin da na faɗa, ba ƙari ba ragi. Na ce, "Inna, don Allah ku bar ta, za ku kashe ta." Muryata ta fita fiye da yadda na so, domin kuka ne ya taho tare da ita. Danga ce tsakaninmu da Ta-Jabo, ita kuwa kunnenta ba ya barin komai ya faɗi ƙasa. Inna ta saki labule. Ta juya ta tafi. Ni kuma na tashi na nemo kwaɗon akwatina na sa wa ƙofa, domin na san tausayinta ya fi ƙarfin alkawarinta, ko da za ta yi alkawarin.

Na san abin da na saya da wannan kwaɗo. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa amaryar Tambuwal ta zagi surukarta a kan ƙwaro, ta kuma kulle mata ɗaki. A rijiya mata suka riƙa yin shiru in na iso. Inna tana amsa gaisuwata da baki ɗaya, tuwon da na kai mata ya dawo da rabi. Labari ya hau motar kasuwa ya kai Tambuwal. Mahaifina ya aiko da saƙo ta bakin wani ɗan kasuwa cewa in je in durƙusa in ba uwar mijina haƙuri tun rana ba ta faɗi ba. Ɗan kasuwar ya juya zai tafi, sai ya dawo, ya ce mahaifin nawa ya kuma ce a tambaya masa, ita tururuwar tana nan da rai? Wannan tambaya ta riƙe ni a kwanakin nan fiye da abinci.

Tana da rai, amma da ƙyar. Na shirya ɗaya kwalbar yadda na ga babanku ya yi, ruwa mai tsabta, sabuwar auduga da na tsince 'ya'yanta. Na haɗa bakunan biyu na naɗe mahaɗar da zare, na lulluɓe sabuwar, na bar tsohuwar a fili inda hasken taga yake kaiwa amma ba rana ba. Na zauna jira. Baiwar Allah ta ƙi tashi. Ta koma kan ragowar ƙwanta a cikin ruɓaɓɓen ɗakin nan ta kafe. Na wuni ina kallonta, washegari ma haka. Hannuna yana ƙaiƙayi in karkata kwalbar in zazzage ta, amma na tuna tsoro yana sa ta cinye ƙwai, sai na danne hannun a ƙarƙashin cinya.

Da hantsin rana ta uku ƙofa a buɗe take, don ina ciki. Na ga inuwar Inna ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa da tsintsiya, alhali tsakar gida a share take. Na fito na durƙusa a gabanta na ba ta haƙuri. Na ce muryar da na ɗaga ban kyauta ba, amma abincin kam ba zan iya bari a ba ta ba. Ta daɗe tana juya tsintsiyar. Sai ta zauna a bakin ƙofata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta fuskanci danga tana magana kamar da dangar take.

"Bakwai nih haifa, guda ɗai yat tsaya. Akwai wadda nih haifa shekarar yunwa, babu gero gidanga ko na kunu. Nono yaƙ ƙafe. Ina kallonta." Ta ajiye tsintsiyar. "Shi ya sa ba ni iya ganin mai jego ba ta ci ba."

Babanku bai taɓa gaya mini wannan ba, wataƙila shi ma bai san shi haka ba. Abin da ya zo bakina shi ne in ce ta zo ta duba ƙirjin uwar. Muka shiga, na nuna mata kumburin nan, na ce Allah ya ɗaura mata guzurinta a jiki tun kafin ta baro gidan iyayenta, shi take sha, shi take ba ƙananan. Abin da take buƙata daga gare mu shi ne duhu da shiru, kamar yadda mai jego ba ta fita ba a kuma cika mata ɗaki har ta yi arba'in.

Inna ta sake kanne ido ta duba.

"Ashe da kununta taz zo," in ji ta.

Daga nan ta ce in matsa, ta kwanta rub da ciki a kan tabarma kusa da ni, tsohuwa da ita, muka zuba wa kwalba ido. Ko uwar tururuwar ta gaji da hasken ne, ko ta ji ƙamshin sabon ruwa, Allah ya sani. Sai muka ga ta miƙa 'yan ƙahonninta, ta taka zuwa mahaɗa, ta shige duhu, ta dawo. Ta sunkuya ta ɗauki ƙwai guda a baki a hankali, ta wuce da shi. Ta dawo ta ɗauki wani. Inna tana raɗa, "Bismillah, bismillah," ga kowane ɗauka, ta damƙe mini hannu ba ta sani ba. Da aka kwashe na ƙarshe na zare tsohuwar kwalba na toshe sabuwar. Muka tashi zaune muka kalli juna, kowa gabanta duk ƙura, sai dariya ta kama mu.

Tun daga ranar aikin ya fita daga hannuna. Inna ta zama uwar jego, kuma ban taɓa ganin mai tsanani irinta ba. Turmi da yake jikin bangon ɗakina tun kafin a haifi babanku, ta sa aka mirgina shi can bayan rumbu, don daka yana girgiza ƙasa. Ta hana ni taɓa kaskon turare. Da ta ga jerin kiyashi sun nufi ƙarƙashin gado, ita ta kawo dabarar a ɗora kwalbar a kan ɗan dutse a tsakiyar tasa mai ruwa, yadda take kare zumarta. Zakaran gida ma in ya yi cara a bakin ƙofar sai ta bi shi da kara. Ta-Jabo ta shigo wata rana da fara'arta, wai ta zo ganin ƙwaron da ya haɗa faɗa. Inna ta tare ƙofa da jikinta.

"Ba a ganin mai jego. Ki komo ran suna."

Makullin kuwa na cire shi daga wuyana na miƙa mata, ta ɗaure a bakin zaninta, sai ya zama ni ce nake neman izini. In na ce mu ɗan leƙa ranar Talata, sai ta ce yau Juma'a ta? Juma'a kuwa da an sauko daga masallaci za mu rufe ƙofar gida, mu kwanta a tabarma, ta warware tsumma kamar mai buɗe kayan lefe. Muka ga uwar ta ƙara zuba wasu ƙwayayen. Muka ga na farkon sun zama 'yan tsutsotsi masu lanƙwasa, tana bin su tana sa musu baki. Inna ta ce ga shi tana shayarwa. Muka ga sun daskare sun yi fari, da siffar ƙafafu a naɗe, daga baya suka fara yin ja. Uwar kuwa tana ta ramewa, Inna tana cizon leɓe tana kallon ƙwaryar kununta, amma ba ta ƙara ɗaukar tsinke ba. Na san abin da wannan haƙuri ya ci mata, shi ya sa nake jin zafi in kuna ba da labarin kuna mai da ita abin dariya kawai.

Gero ya fara fitar da kai, ana maganar malamai sun kusa dawowa, muka buɗe tsumma wata Juma'a sai wani abu ya gilma. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta kai rabin tururuwar waje ba, launinta bai gama nuna ba, tana tafiya tana tangaɗi. Can ga wata a bayan uwar, ga ta uku tana jan ƙwai. Na toshe bakina da hannu don kada in yi ihu. Inna kuwa ta yi guɗa, amma a raɗe, guɗar da ba a taɓa yin irinta a Kebbe ba, hannu a hanci, babu sauti sai iska.

Na ce yau ranar ci ce, kuma ita za ta bayar. Ta tashi ta wanke hannu har gwiwar hannu. Ta ɗauko zumarta, muka sirka da ruwa. Ta murƙushe ƙwayar gero guda da bayan ludayi. Na yanko ɗan guntun ganyen kara, ta ɗiga zumar a kai, ɗigon da bai kai kan allura ba sau biyu, ina ta ce mata ya isa, ya isa, tana ce mini rowar mutanen Tambuwal ta tashi. Na zare auduga, ta tura ganyen da tsinke, na mayar na toshe. Na gaya mata gobe za mu cire abin da ya rage, kada ya ruɓe.

Ɗaya daga cikin ƙananan ta zo ta shinshina, ta ja da baya, ta dawo ta kafa baki. Muna kallo cikinta ya cika har yana ɗaukar haske. Na zaci za ta koma gefe ta kwanta. Sai ta juya ta nufi uwar kai tsaye, ta ɗaga kai, uwar ta sunkuyo, suka haɗa baki. Suka daɗe a haka. Abincin farko ke nan da ya shiga cikinta da yardarta tun ranar da ta karye fukafukanta.

Inna ba ta motsa ba.

"Ɗiya mace ta?"

"Malam ya ce dut masu aikin mata na, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta ja bakin zani ta share ido, makulli yana kaɗawa. Ta ce, a hankali, "Ta sha wuya, amma ta samu mai ba ta a baka." Ta naɗe kwalbar da kanta, ta mayar kan dutsen, ta tafi ɗakinta.

Da la'asar na dama fura, na kai mata yadda na saba, na durƙusa a bakin ƙofa na ajiye, na juya zan koma in sha tawa a ɗakina, domin matar ɗa ba ta ci a gaban uwar miji. Sai na ji an riƙe mini zani.

"Zamna nan, ɗiyata."

Na zauna, kunya kamar ta kashe ni. Ta ɗauki ludayin ta miƙo mini, ta ce in ba ta da hannuna. Na ɗebo, fura tana zuba a tabarma, na kai mata baki ta sha. Sannan ta karɓi ludayin ta ɗebo ta ba ni. Daga wannan rana har Inna ta koma ga Allah, ni da ita ba mu ƙara raba ƙwarya ba.